Tsohon Bashi Da Neman Lamunin Gida: Abin Lura Ga Ma'aikatan Yankin Dawanau

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi na arewacin Kano, wadda mu ke ganin lokaci ya yi da za a zauna a warware ta a fili. Maganar kuwa ita ce ta ma'aikacin da ya je banki neman lamuni don ya gina gida ko ya saya, ya cika takardu, ya kawo shaidar albashinsa, ya yi ta zirga-zirga wata da watanni, daga bisani a ce masa ba za a iya ba, domin an tarar da sunansa cikin waɗanda suka ci bashi shekarun baya ba su biya ba. Sau da yawa bashin nan ɗan ƙanƙane ne, bai kai ko ushirin abin da ya ke nema yanzu ba, wani ma ya manta da shi sarai. Sai mutum ya komo gida yana cewa an yi masa ƙafar ungulu, ko kuwa don ba shi da kowa a sama ne.

Mun ga ya kamata mu bi wannan al'amari daki-daki, mu ɗauki Dawanau ta ƙasar Dawakin Tofa ta zama madubinmu, gama a can ne tsohuwar hanyar cin bashi da sabuwa suka yi kiciɓis. Abin da mu ke so mai karatu ya riƙe shi ne, a zamanin nan bashin banki ba ya mutuwa don an yi shiru da shi. Abin da ke wanke sunan mutum shi ne biya, da karɓar takarda, da bin sawu har a gyara rajista. Akwai kuma haƙƙin talaka a kan hukuma cikin wannan sha'ani, za mu zo kansa.

DAWANAU DA AMANAR BAKA

Kasuwar Dawanau tana bakin hanyar Kano zuwa Katsina. An kafa ta a 1985, ana kuwa lissafa ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Gero da dawa da masara da wake da riɗi da zoɓorodo, duk ana auna su a can, fatake kuma suna zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru da wasu ƙasashen. Wanda ya san kasuwar ya san ciniki mai yawa a kan bashi a ke yinsa. Mutum ya kan ɗauki kaya mota guda a kan amana, dillali ya tsaya masa, sai ya sayar ya kawo kuɗi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka ba a ganin cinsa abin kunya ne. Abin kunya shi ne taurin bashi.

To, a lura da halin wannan tsohuwar hanya. Kasuwa tana tuna wanda ya kasa biya, amma tana tuna dalili tare da shi. In gobara ce ta cinye rumfarsa, ko mota ta faɗi da kayansa, kowa ya sani. Ran da ya biya, dattawa su sasanta, a yafi juna, magana ta wuce. Haka kuma jinginar gona da iyayenmu suka sani: mai gona ya karɓi kuɗi, mai kuɗi ya riƙa noma gonar, ko bayan shekaru ne aka kawo kuɗin sai a fanshe ta. Jinginar gida ta banki daban ta ke. Mutum yana zaune cikin gidansa, takardun gidan suna hannun banki, yana biya wata-wata, in ya gaza banki na da ikon sayar da gidan.

Dalilin da ya sa ma'aikatan wannan yanki suka shiga neman irin wannan lamuni a fili ya ke. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano cike ta ke da jama'a tun tuntuni, babu gonar da a ke bari ta huta, rabon gado kuma yana ƙara daddatsa ta kowane zamani. Ga birni yana ta matsowa, ana yanka gonaki ana mai da su fulotai da manyan ɗakunan ajiyar kaya, kuɗin fili yana ta hawa. Malamin da aka haifa a nan ya tarar gidan gado ya cika, albashinsa kuwa ba zai sayi fili ya gina a lokaci guda ba. Dole ya dubi banki, banki kuma ba ya tambayar dattawan unguwa halinsa. Rajista ya ke tambaya.

YADDA A KE RUBUTA SUNAN MUTUM

Tun cikin shekarun 1990 Babban Bankin Nijeriya ya kafa wata rajista tasa, wadda a ke kira CRMS, inda bankuna ke kai labarin masu cin bashinsu. A 2009 aka ba kamfanoni uku lasisin ajiye tarihin bashin jama'a, su ne waɗanda yanzu a ke kira CRC Credit Bureau, da FirstCentral, da CreditRegistry. Ƙa'idar Babban Banki ita ce, kafin banki ya ba mutum bashi sai ya nemi takardar tarihinsa daga aƙalla biyu cikin waɗannan kamfanoni. Takardar tana nuna kowane bashi da mutum ya ci, da wanda ya ba shi, da abin da ya rage, da yawan kwanakin da ya yi jinkiri. A ƙa'idar bankuna, bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ya shiga sahun masu matsala, wanda ya haura kwana 360 kuwa ana rubuta shi cikin waɗanda aka fid da rai da su.

Da can mutum ya kan ci bashi a wannan banki, ya ƙaurace masa, ya buɗe asusu a wancan, har ma ya ɗan sauya rubutun sunansa. Wannan ƙofa ta rufe tun watan Fabrairu na 2014, sa'ad da aka fito da lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda aka ɗaure da zanen yatsun mutum da hotonsa. Ko asusu goma ya ke da su, lamba ɗaya ce ke bisa kansu duka. A 2017 aka sa hannu kan dokar da ta tsara aikin kamfanonin nan da haƙƙin wanda a ke ajiye labarinsa. Daga ran 1 ga Agusta, 2020 kuma aka soma aiki da tsarin GSI, watau izinin da mai cin bashi ke sa wa hannu, wanda ya ba banki damar ɗebe abin da ya ke bi daga duk wani asusun mutumin a kowane banki, in ya ƙi biya.

Ya kamata a gane abu guda a nan. Kamfanin rajista ba shi ne ke hana mutum lamuni ba, shi dai magatakarda ne, abin da banki ya aiko masa shi ya ke rubutawa. Hukuncin bayarwa ko hanawa yana hannun bankin da aka je wurinsa. Amma magatakardan nan ba ya rubuta dalili. Wanda ambaliya ta cinye shinkafarsa da wanda ya ɗauki kuɗin noma ya ƙara aure, layi iri ɗaya su ke samu a takarda.

INDA TSOFAFFIN BASUSUKAN SUKA FITO

In mun duba, za mu ga hanyoyi kaɗan ne suka jefa yawancin ma'aikatan karkara cikin wannan rami. Ta farko ita ce bashin noma na gwamnati. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, inda a ke ba ƙananan manoma iri da taki da magani da ɗan kuɗi, su biya da amfanin gona. Malamin ƙauye kuwa manomi ne, da yawa sun shiga ta hanyar ƙungiyoyi. Kafin farkon 2023 an raba fiye da naira tiriliyan 1 ga manoma sama da miliyan 4. A shekarar 2023 Asusun Ba Da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kaɗai aka biya, Babban Banki ya musa, ya ce wajen kashi 52 ne na abin da lokacin biyansa ya yi. Ko wanne aka ɗauka, ɗimbin mutane na nan da bashi a kansu. Kuma da ya ke rukuni-rukuni aka riƙa bayarwa, kowa yana tsaya wa ɗan'uwansa, wanda ya biya nasa ma yana iya samun kansa cikin rikicin waɗanda ba su biya ba.

Ta biyu ita ce bashin da aka bayar lokacin annobar korona a 2020, wanda Babban Banki ya soma da naira biliyan 50, aka raba ta hannun NIRSAL Microfinance Bank ga magidanta da masu ƙananan sana'o'i. Mutane da yawa sun ɗauke shi a kan tallafi ne, suna cewa rabonsu ne daga arzikin ƙasa. Amma takardar da suka sa wa hannu ta bashi ce, lambar BVN kuma tana kanta.

Ta uku ita ce bashin albashi. Ma'aikaci ya ci bashi a bankin da a ke zuba masa albashi, sa'an nan aka sauya bankin, ko aka yi masa canjin wurin aiki, ɗan abin da ya rage ya zauna yana haihuwa. Wani kuwa albashin ne ya makara. Ba a manta da 2015 ba, sa'ad da jihohi da dama suka kasa biyan ma'aikata har sai da Gwamnatin Tarayya ta kai musu ɗauki. Wani an cire kuɗin daga albashinsa a ofis, amma ba a miƙa wa mai bin bashin a kan kari ba. Ta huɗu ita ce tsaya wa wani, gama wanda ya sa hannu ya tsaya wa aboki ya ɗauki nauyin bashin in abokin ya gudu. Ta biyar kuma ita ce ɗan bashin nan da a ke ci ta wayar hannu cikin minti biyar, wanda wasu masu bayar da shi su ma suna kai labari rajista.

ABIN DA TABON KE HANA MUTUM

Don a san girman hasarar, sai mu dubi abin da a ke rasawa. Bankin lamunin gidaje na tarayya, watau FMBN, ya samo asali daga wata ƙungiyar gine-gine da aka kafa a 1956, ya zama bankin gwamnati da wannan suna a 1977. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, inda ma'aikacin da ke ciki ke zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Wanda ya yi wata 6 yana zubawa yana da damar neman lamuni ta hannun ɗaya daga bankunan lamunin gida masu lasisi, bisa ruwan kashi 6 cikin 100 a shekara, ya biya cikin lokacin da zai iya kai shekara 30, gwargwadon shekarunsa da abin da ya rage masa na aiki. Sharaɗi ne kuma kada abin da zai riƙa biya ya wuce sulusin abin da ya ke samu a wata. Bankin da ya tsaya tsakani shi ke da alhakin mayar wa FMBN kuɗinsa, don haka ba ya wasa da duba tarihin mai nema.

Ga misali da alƙalami. Wanda ya karɓi naira miliyan 5 bisa kashi 6 na shekara 30 zai riƙa biyan wajen naira 30,000 a wata, watau sai albashinsa ya kai naira 90,000. Mai albashi mafi ƙanƙanta na Jihar Kano, naira 71,000 da aka tsayar a 2024, sulusinsa zai ɗauki lamunin da ya kusa miliyan 4. To, in an rufe masa wannan ƙofa ya koma bankin kasuwanci fa? A ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5. Mu ƙaddara an yi masa sauƙi an ba shi miliyan 5 ɗin nan bisa kashi 25 na shekara 20, abin da zai riƙa biya ya kai wajen naira 105,000 a wata. Babu malamin firamare da zai ɗauki wannan kaya. Ashe ɗan bashin dubu hamsin da aka raina yana iya tare hanya ɗaya tak da ƙaramin ma'aikaci zai iya bi.

Mun sani da yawa cikin masu karatunmu ba su yarda da kuɗin ruwa ba ko kaɗan ne, saboda addini, sun fi son bankunan da ba sa ta'ammali da shi, irin su Jaiz da ya soma aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019, waɗanda ke saye su sayar wa mutum da riba sananniya ko su ba shi haya har ya mallaka. To, a sani su ma ƙarƙashin Babban Banki su ke, rajistar nan kuma ita su ke dubawa.

KO JIRA ZAI GOGE SHI?

Wasu da suka ji labarin ƙasashen waje su kan ce a yi haƙuri, bayan shekara shida tabon zai faɗi da kansa. Gaskiya ne a Ingila ana cire labarin gazawa daga takardar mutum bayan shekara 6 daga ranar da aka rubuta shi, ko ya biya ko bai biya ba, a Amurka kuma yawancin irin wannan labari shekara 7 ya ke yi. Tamu dokar ta 2017 cewa ta yi a riƙe labarin aƙalla shekara 6, sa'an nan a mai da shi ma'ajiya na wasu shekaru 10. A lura, aƙalla aka ce. Bashin da ba a biya ba kuwa bai zama tsohon labari ba tukuna, gama bankin da ke binsa yana ci gaba da aika rahotonsa, ruwa yana hawa, GSI kuma tana jiran ranar da kuɗi za su shiga asusu.

Ko da a ce jira yana gogewa, jiran kansa yana da tsada. Malamin da ya rage masa shekara 20 na biya, miliyan 5 bisa kashi 6 za ta zo masa wajen naira 36,000 a wata. In ya ɓata shekara 6 yana jira, saura 14, sai ta koma wajen naira 44,000. Miliyan biyar ɗin kuma ba za ta gina abin da za ta gina a da ba. Buhun siminti da bai kai naira 3,000 ba a 2019 ya haura naira 7,000 a 2024. Wanda ya zauna jiran tabo ya bushe, shekarunsa da darajar kuɗinsa ke tafiya tare.

HANYAR WANKE SUNA

Shawararmu ga duk mai niyyar neman lamunin gida ita ce ya fara da duba kansa tun kafin banki ya duba shi. Doka ta ba kowa damar karɓar takardar tarihin bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanin rajista. A nema daga dukan ukun, domin abin da ke wurin wannan ba lalle ne yana wurin wancan ba. A yi haka tun da sauran wata shida ko shekara kafin a kai takardar nema.

In an tarar da kuskure, kamar bashin da aka riga aka biya amma yana nan a rubuce, ko wanda mutum bai taɓa ci ba, sai a rubuta ƙara ga kamfanin da bankin da ya kai labarin, a haɗa da rasit da takardar albashi da ke nuna an cire kuɗin, a riƙe kwafi mai hatimi. Doka ta ɗora musu bincike cikin ƙayyadadden lokaci. In sun yi biris, akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a Babban Banki, can a ke ɗaukaka kuka.

In kuwa bashin gaskiya ne, to, babu wata dabara sai biya. A je bankin da ƙafa, a nemi cikakken lissafi a rubuce, a ga uwar kuɗi da ruwa da tara kowanne daban. Bankuna su kan yarda su yi rangwame a kan tara, ko su sake tsara biya kaɗan-kaɗan, ga wanda ya zo da kansa. Duk abin da aka daidaita a kai a sa shi a takarda kafin a ba da ko kwabo, kuma a zuba kuɗin cikin asusun bankin, kada a damƙa wa wani a hannu ko da shugaban ƙungiya ne. Bayan an gama, a karɓi takardar shaidar cewa ba a bin mutum kome, a roƙi bankin ya aika wa kamfanonin rajista, sa'an nan bayan wata ɗaya ko biyu a sake dubawa a tabbata an gyara. Nan ne mutane da yawa ke sakaci, su biya su tafi, sunansu kuwa yana nan yadda ya ke.

Biya ba ya goge tarihin, amma yana sauya shi daga bashin da a ke bi zuwa bashin da aka biya, tsakaninsu kuwa akwai nisa a idon mai ba da lamuni. Daga nan sai mutum ya gina sabon tarihi: albashi ya riƙa bi ta asusu ɗaya, in ya ci ɗan ƙaramin bashi ya biya a kan kari, ya tara abin kafin alƙalami gwargwadon ƙarfinsa. Ran da ya kai takardar nema, ya faɗi tsohon labarin da bakinsa, da dalilinsa, da shaidar biya. Gara a ji daga gare shi da a tono. Muna kuma gargaɗi game da masu cewa a ba su kuɗi su share suna daga kwamfuta. Bankin da ya kai labari shi ke da ikon gyara shi, wanda ya bi ta bayan gida zai yi hasarar kuɗinsa, watakila ya ƙara da laifi.

TAKARDAR FILI

Kada wanda ya wanke sunansa ya zaci ya gama, da sauran rina a kaba. Banki ba ya karɓar jinginar fili sai mai cikakkiyar takarda. Dokar Amfani Da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, ta kuma ce ba a jinginar da filin da ke da takardar mallaka ta jiha sai da yardarsa. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa jinginar da aka yi ba da wannan yarda ba ɓatacciya ce. Galibin filayen karkara kuwa takardar ciniki ce kawai gare su, da sa hannun mai unguwa ko dagaci da shaidu, wasu ma gonakin gado ne da ba a raba ba. Saboda haka a soma neman takardar mallaka a ma'aikatar ƙasa ta jiha da hukumar KANGIS a lokaci guda da gyaran suna, gama kowannensu yana cin watanni.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN HUKUMA

Mun faɗi abin da ke kan mai cin bashi, ba mu rage ba. Addininmu ma ya yi umurni a rubuta bashi, a cikin aya mafi tsawo ta Alƙur'ani, ba a kuma raba gado sai an fid da bashin mamaci. Amma a cikin surar nan ne kuma aka yi umurni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Rajistar da ta ɗauki rabin farko ta bar na biyu ba ta cika adalci ba.

Na ɗaya, duk sa'ad da gwamnati za ta ba da bashi, a faɗa wa jama'a da Hausa, a rediyo da bakin masu unguwanni, cewa bashi ne, ga ranar biya, ga abin da zai biyo bayan ƙin biya. Wanda ya tsaya gaban jama'a ya bar su suna zaton kyauta ce don a yaba masa, yana da kaso cikin alhakin abin da ya same su. Na biyu, a tace basusukan noman nan, a raba wanda ambaliya ko fari ko rashin tsaro ya karya da wanda ya ci da gangan, a ba na farko hanyar sasantawa sananniya wadda za ta bayyana a takardarsa. Na uku, ofishin da ya cire kuɗi daga albashin ma'aikaci bai miƙa ba, shi ya kamata ya ɗauki tarar, ya kuma rubuta wa bankin ya wanke ma'aikacin. Ƙungiyar malamai ta NUT da ta ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE suna da bakin da za su tsaya a kan wannan.

Na huɗu, shi ne ya fi damunmu. Rajistar nan ta san ranar da mutumin Dawanau ya gaza wa banki, amma ba ta san shekara ashirin da ya yi yana ɗaukar kaya a kan amana yana biya ba, ba ta san adashin da bai taɓa tsallakewa ba, ko bashin ƙungiyar gama kai ta malamai da ya biya har ƙarshe. Ya kamata a shirya yadda ƙungiyoyin gama kai masu rajista da ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su riƙa kai labarin masu cika alkawari, da yardar masu shi, domin mutumin kirki ya sami shaidar da banki zai iya karantawa.

Daga ƙarshe muna kira ga 'yan'uwanmu malamai da akawuna. Ku ne masu karatu a ƙauyukanmu, ku a ke kawo wa takarda a ce ku duba. Ku fara da naku sunan cikin wannan wata, sa'an nan ku karanta wa maƙwabci takardar bashi kafin ya dangwala yatsa, ku gaya masa abin da ke ciki ko da ba shi ya ke so ya ji ba. Shugabannin makarantu kuma su ware sa'a guda a taron malamai a yi bayanin BVN da GSI da rajistar bashi, musamman ga sababbin ɗauka waɗanda bankuna ke bi da tayin bashi tun albashin farko. Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.